Darasi na Tara: Numfashi, Tsayuwa da Ɗaukar Kaya

MANUFOFIN DARASI

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bayyana kafofi uku da ƙwaƙwalwa ke dogara da su wajen tsayar da jiki.
2. Faɗin dalilin da ya sa haki ke raunana gadon baya.
3. Lissafa nauyin kaya gwargwadon nauyin mai ɗauka, da ƙirga numfashi a minti ɗaya.
4. Bambance jirin da hutu ke kawarwa da wanda ke bukatar asibiti nan take.

TSAYUWA MA AIKI CE

Mai tsayuwa a layin famfo a Tudun Wada ta Gusau gani yake ba abin da yake yi sai jira, alhali jikinsa bai huta ba ko na ƙiftawar ido. Ɗan Adam dogo ne, mafi yawan nauyinsa yana sama, a kai da ƙirji da ciki, wurin da ya taka kuwa bai wuce faɗin tafin ƙafa biyu ba. Jiki mai irin wannan ƙira kullum a bakin faɗuwa yake. Masu bincike sukan tsayar da mutum a kan wani faranti mai auna matsi, su ce masa kada ya motsa, amma sai farantin ya nuna yana ta ɗan karkata gaba da baya, dama da hagu, tsokar sha-raɓarsa tana tamkewa tana saki domin ta maido shi tsakiya. Hatta shigar iska cikin ƙirji tana gusar da nauyin jiki, dole kwatangwalo da ƙafafu su gyara abin da kowane numfashi ya karkatar. Wannan ne ya kawo mu ga batun darasin namu. Numfashi da daidaiton jiki tsokoki ɗaya suke rabawa, kuma duk sanda bukatunsu suka ci karo, ƙwaƙwalwa numfashi take fifitawa. Wanda ya fahimci wannan zai gane abin da ya sa ɗan dako ke gurɗe baya a buhun ƙarshe, da abin da ya sa tsohuwa mai tari ta fi 'yar'uwarta yawan faɗuwa.

AKWATIN MA'ANA
Tsoka: naman jiki mai tamkewa da saki, wanda ke jan ƙashi ya motsa.
Jijiyar saƙo: zaren da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ya kuma komo da labarin abin da jiki ke ji. Daban take da jijiyar jini.
Daidaiton jiki: iya riƙe nauyin jiki a saman wurin da ƙafa ta taka, a tsaye ko a tafe.

KAFOFI UKU

Ƙwaƙwalwa tana kulle cikin ƙoƙon kai, ba ta san inda jiki ya karkata ba sai an kawo mata labari. Kafa ta farko ido ne. A shekarar 1974 David Lee da abokin aikinsa a Jami'ar Edinbara suka saka yara masu koyon tafiya a wani ɗaki da bangonsa ke lilo amma daɓensa ba ya motsi. Da aka ɗan tura bangon, yaran suka riƙa tangaɗi, wasu suka zube, ko da yake ba wanda ya taɓa su. Idonsu ne ya ce musu suna faɗuwa, suka yi ƙoƙarin gyara abin da bai karkace ba. Kafa ta biyu tana can cikin kunne: wasu 'yan bututu uku ne masu ruwa a kowane kunne, da wasu ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ke jin juyawar kai da sunkuyawarsa. Yaron da ya yi ta juyi sannan ya tsaya cak, ruwan nan ne bai gama tsayawa ba, shi ya sa hajijiya ke kwasarsa.

Kafa ta uku ita aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi shafar manya. A cikin tsoka da gaɓoɓi da fatar tafin ƙafa akwai 'yan ma'aunai da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take ba tare da an duba ba. Masanin nan na Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. Girman amfaninsa ya fito fili a labarin Ian Waterman, wani Bature da ya rasa shi daga wuya zuwa ƙasa a 1971, yana ɗan shekara 19, bayan wata rashin lafiya. Tsokarsa ba ta shanye ba, ƙarfinsa na nan, amma ya kasa ko zama. Daga baya ya sake koyon tafiya ta hanyar kallon ƙafafunsa a kowane taku, kuma da zarar fitila ta mutu sai ya zube. Abin da ya same shi ba kasafai ake ganinsa ba, amma ƙaramin samfurinsa yana cikin gidajenmu. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin saƙo na ƙafa, mai shi ya riƙa jin dindiris a tafin ƙafarsa. Da rana ido na rufa masa asiri. Da asuba kuwa, ga duhu, ga wurin alwala a jiƙe, ga shi yanzu ya tashi daga kwance, kafa biyu cikin uku sun tafi a lokaci guda.

AKWATIN MA'ANA
Jin gaɓoɓi: sanin inda hannu, ƙafa da gangar jiki suke ko da ido a rufe.
Kunnen ciki: sashen kunne da ke cikin ƙashin kai, mai kula da ji da kuma daidaito.

TSOKA ƊAYA, AIKI BIYU

Huhu ba ya iya jan iska da kansa. Mai yi masa wannan aiki wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, wadda za mu kira tsokar shamaki. Idan ta tamke sai ta sauka ƙasa, ƙirji ya faɗaɗa, iska ta shiga. Idan ta saki sai iska ta fita. Umurninta daga wuya yake saukowa, ta wata jijiyar saƙo da ke fita daga laka a daidai ƙashin wuya na uku zuwa na biyar, dalili ke nan da karayar wuya a hatsarin babur kan iya tsayar da numfashi, ko da ƙirji bai sami ko ƙwarzane ba. Babban mutum mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa.

Shekaru da yawa an ɗauka aikin wannan tsoka ke nan kawai. Tun a 1967 Victor Gurfinkel da abokan aikinsa a Rasha sun nuna cewa kafin mutum ya ɗaga hannu, tsokokin ƙafa da na gangar jiki sukan riga su tamke, domin ƙwaƙwalwa ta san ɗagawar za ta karkatar da jiki, sai ta yi shiri tun kafin abin ya auku. A 1997 Paul Hodges da Simon Gandevia da abokan aikinsu a birnin Sidni na Ostareliya suka gano cewa tsokar shamaki ma tana cikin masu wannan riga-kafi. Sun zura siririyar waya ta maƙoshin masu sa kai domin su saurari aikin tsokar, suka ce musu su ɗaga hannu da sauri. Tsokar shamaki ta riƙa tamkewa kafin tsokar kafaɗa, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, ko mutum yana cikin shaƙar iska ne ko yana fitar da ita. Me ya kai tsokar numfashi ga ɗaga hannu? Idan ta danno daga sama, tsokar ciki ta matso daga gaba da gefe, tsokar ƙasan mara ta tare daga ƙasa, sai matsi ya ƙaru a cikin ciki, gangar jiki ta yi tauri, ƙashin baya ya sami madogara. Tayar babur da aka cika da iska takan ɗauki mutum biyu da buhu, wadda ta sace kuwa ko babur ɗin kaɗai ba ta riƙewa. Haka cikin mutum yake ga ƙashin bayansa.

Gwajin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne na 2001. Masu binciken sun sa mutane su riƙa kaɗa hannu da sauri, a lokaci guda suna numfashi ta wani dogon bututu da ke sa iskar kabon ta taru a jiki, wato dai an sa su haki da gangan. Cikin minti ɗaya aikin da tsokar shamaki da ta ciki ke yi na tallafar baya ya ragu ƙwarai, a wasu ma ya ɓace, yayin da aikinsu na numfashi ya ƙaru. Ƙwaƙwalwa ta yi zaɓi, kuma zaɓin nata daidai ne, domin mutum na rayuwa da ciwon baya amma ba ya rayuwa ba numfashi. Sai dai wani ne ke biyan kuɗin wannan zaɓi, shi ne gadon baya. Mai hawan Dutsen Kwatarkwashi da ya kai rabi yana haki, da matar da ta hauro gangaren gulbi da jarka, da lebura a buhu na talatin, dukkansu bayansu ya fi rashin kariya a daidai lokacin da suka fi bukatarta. Bincike a kan masu daɗaɗɗen ciwon huhu ya zo da abin da ya dace da haka: sun fi sa'o'insu masu lafiya tangaɗi a tsaye. Uwar da ta shafe shekaru tana shaƙar hayaƙin itace a rufaffen madafi, idan tsufa ya zo mata da tari da faɗuwa, akan ɗauke su matsaloli biyu daban, alhali mai yiwuwa ne na farkon yana ciyar da na biyun.

AKWATIN MA'ANA
Tsokar shamaki: faffaɗar tsokar da ke tsakanin ƙirji da ciki. Ita ce babbar tsokar numfashi, tana kuma taimakawa wajen tallafar ƙashin baya.
Shirin riga-kafi: tamkewar da tsokoki ke yi kafin motsi ya fara, domin jiki kada ya karkace.

MISALI NA ƊAYA

Wani ɗan dako a Tsohuwar Kasuwa ta Gusau zai ɗaga kwali mai kilo 20. Tsokar da ke miƙar da baya tana kusa da ƙashin baya, tazararta kamar santimita 5 ce. Idan ya rungumo kwalin har tsakiyarsa ta kasance santimita 25 daga ƙashin bayansa, sai mu raba 25 da 5, mu sami 5. Tsokar za ta ja da ƙarfin da ya ninka kayan sau 5: 20 × 5 = kilo 100. Idan kuwa ya miƙa hannu ya ɗauko shi daga nesa, santimita 50, sai mu raba 50 da 5, mu sami 10: 20 × 10 = kilo 200. Kwalin bai ƙara nauyi ba, amma aikin baya ya ninka, kuma ba mu ma saka nauyin gangar jikinsa da ya sunkuyar a lissafin ba. Idan aka haɗa wannan da haki, an ninka kaya an kuma rage tallafi. Abin yi shi ne ya jawo kayan jikinsa, idan kuma yana haki ya dakata har sai ya iya magana ba yankewa kafin ya ɗaga.

KAYA A KA

Wani zai ce, kakanninmu sun ɗauki tulu da dami da itace a ka tun kafin a san wani abu wai shi bincike, me Bature zai koya mana? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma binciken da kansa ya tabbatar da wani sashe nata. A 1986 Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da Norman Heglund da abokan aikinsu suka auna iskar da matan Luo da Kikuyu na Kenya ke shaƙa suna tafe da kaya. Matan Luo a tsakiyar ka suke ɗorawa kamar yadda ake yi a nan, na Kikuyu kuwa da maɗauri suke ratayo kayan daga goshi. Sakamakon ya ba masana mamaki: matan suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara kashe ƙarfi ba. A 1995 aka gano sirrin yana cikin takunsu. Duk mai tafiya jikinsa na ɗan hawa yana sauka a kowane taku, kuma wani kaso na ƙarfin saukar yana komawa ya tura shi gaba. A yawancin mutane wannan kaso bai wuce kusan 65 cikin 100 ba, amma a waɗannan mata yakan haura har zuwa wajen 80 idan suna ɗauke da kaya. Gwaninta ce ta gaske, wadda jiki ke koya tun ƙuruciya, kuma yarinyar da ke tafe da farantin talla a ka hannunta sake tana nuna irinta. Kaya a ka yana da wata fa'ida da Misali na Ɗaya ya riga ya bayyana: yana zaune daidai saman ƙashin baya, tazararsa kusan babu.

Amma mai wannan hujja ya tsaya ya ji sauran labarin. Matan da aka auna a Kenya 'yan kaɗan ne. Da Ray Lloyd da abokan aikinsa suka sake gwajin da matan Xhosa na Afirka ta Kudu, suka wallafa a 2010, ba su sami wannan rangwame a yawancinsu ba, kuma matan sun koka da ciwon wuya. Ko a binciken farko ma, rangwamen ya tsaya ne a kashi 20. Abin da ya haura nan, jiki na biya da numfashi, kuma mun riga mun ga abin da haki ke yi wa baya. Sannan kaya a ka yana ɗaga nauyin jiki sama, ƙaramin tuntuɓe ya zama babba, ga shi mai ɗauke da shi ba ta iya sunkuyar da kai ta duba inda take takawa. Gammo yana rage zafin ƙoƙon kai, yana zaunar da kaya, amma ko giram ɗaya ba ya ragewa daga abin da wuya ke ɗauka. Kakannin da ake kafa hujja da su sun ƙware, babu musu. Sai dai ba wanda ya ƙirga nawa ne cikinsu suka ƙare da wuyan da ba ya juyawa.

MISALI NA BIYU

Wata mata a Bungudu nauyinta kilo 60 ne. Kashi 20 cikin 100 na 60 shi ne 60 ÷ 5 = kilo 12. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin robar. 25 ÷ 60 × 100 ya ba mu kusan kashi 42, wato fiye da ninki biyu na abin da ko gwanayen Kenya ke ɗauka kyauta. Yanzu a ɗora jarkar nan a kan 'yarta mai kilo 35: 25 ÷ 35 × 100 ya haura kashi 71. Rabin jarka sau biyu ya fi wa yarinyar, kura ko baro ya fi duka.

SAURAN JAYAYYA

Bayan jayayyar kaya a ka, ta biyu daga masu aikin ƙarfi take fitowa. Ɗan kokawa da mai loda buhun taki mai kilo 50 za su ce su kam riƙe numfashi suke yi su yunƙura, kuma yana ƙara musu ƙarfi. Gaskiyarsu ne, kuma bai saɓa wa darasinmu ba, domin riƙe numfashin nan cika ciki da matsi ne, wato an sallama tsokar shamaki gaba ɗaya ga aikin tallafi na ɗan lokaci. Illarsa ita ce jini na hauhawa sosai a lokacin yunƙurin, sannan ya faɗi bayan an saki, shi ya sa wani ke ganin duhu-duhu da zarar ya sauke kaya. Saurayi lafiyayye zai iya jurewa na daƙiƙa biyu ko uku. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai gwaiwa, da mai juna biyu, su riƙa fitar da iska sannu a hankali yayin ɗagawa. Kayan da ba ya ɗaguwa sai an toshe numfashi, ya fi ƙarfinsu.

Jayayya ta uku ta fi nauyi. Gwaje-gwajen Sidni an yi su ne da mutane ƙalilan a ɗakin bincike, masu ɗaga hannu wofi, ba manoman Tsafe masu huɗa da galma ba. Bugu da ƙari, bayan binciken ya shahara, sai aka yi ta tallar wasu motsa jiki na musamman na tsokar ciki a matsayin maganin ciwon baya, amma da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2016 sai aka ga ba su fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Wannan gyara ne mai kyau, ya kamata a karɓe shi. Abin da ya rushe shi ne da'awar cewa akwai wata tsoka guda da horar da ita ke warkar da baya. Bai taɓa ainihin abin da aka auna ba, wato cewa tsokar shamaki na aiki biyu kuma haki na rage ɗaya. Ƙirar jikin mutumin Sidni da ta mutumin Tsafe ɗaya ce a wannan fanni. Shawarar da muka ciro kuma, a huta kafin a ɗaga, ba ta cin ko sisi, kuma ko da amfaninta bai kai yadda ake zato ba, ba wanda za ta cutar.

FAƊUWAR TSOFAFFI

Idan dattijo ya faɗi ya karya ƙugu, abin da aka saba ji shi ne, ai tsufa ne, sai haƙuri. Tsufa na rage gani, yana rage jin gaɓoɓi, yana cinye tsoka, wannan ba a musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa a duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Amma daidaiton jiki abu ne da ƙwaƙwalwa ke koya, abin da ake koya kuwa ana iya bitarsa. A 2019 Catherine Sherrington da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi da tsofaffi fiye da 23,000 a ƙasashe 25, suka ga motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100. Nau'in da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne wanda ke gwada daidaito kai tsaye, kamar tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tafiya dunduniya na taɓa yatsa, da tashi daga kujera ba dafawa. Tafiya zalla ba ta sami irin wannan tabbaci ba, don haka wanda ke cewa shi kullum yana zuwa gona a ƙasa bai gama biyan bashin ba. Karɓar ƙaddara kuma bai taɓa hana Musulmi neman magani ba. Abin da ya fi yi wa tsofaffinmu illa shi ne tausayin da ke cewa Baba zauna, kada ka tashi, a kawo maka. Zaman na cinye tsokar cinya, raunin ya jawo tsoro, tsoron ya ƙara zaunar da shi.

MISALI NA UKU

A tsaya kusa da bango, ba takalmi, wani na tsaye a gefe. A ɗaga ƙafa ɗaya a ƙirga daƙiƙa 10, sannan a sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda aka yi a Birazil da mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, ya sami kusan ɗaya cikin biyar sun kasa, kuma cikin kimanin shekara bakwai da suka biyo baya mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda suka kasa. Kada a fahimci wannan a karkace. Kasa tsayuwar ba ita ke kisa ba, alama ce kawai da ke cewa a duba suga, da jini, da ido, da ƙarfin ƙafa. Wanda ya kasa ya riƙa gwadawa kullum yana dafe da bango, ya kuma riƙa tashi daga kujera sau 10 a jere, yana fitar da iska a kowace miƙewa.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Jirin da ke zuwa idan an miƙe da sauri, musamman a zafin bazara ko da azumi, yawanci jini ne bai kai kai da wuri ba, kuma yakan wuce idan an zauna. Maganinsa a ɗan zauna a bakin gado kafin a miƙe. Amma tangaɗin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma kowane minti na da daraja. A nufi asibiti mafi kusa, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko babban asibitin Tsafe ko na Bungudu. Yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam a kai shi a ranar, domin cutar shan inna jijiyoyin da ke ba tsoka umurni take kashewa, wani lokaci har da na numfashi. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a ranar 25 ga Agusta, 2020, amma wani nau'inta na ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa masu ɗiga allurar baki ke zagayawa har yanzu. Gubar dalma, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ita ma ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo take kamawa, kuma a manya takan sa wuyan hannu ya saki. Tiramol da kodin suna danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, suna kuma kawo tangaɗi, don haka leburan da ke shan su domin ya jure aiki yana raunana abu biyun da aikin nasa ya dogara a kansu.

Game da yara, a ƙirga numfashi minti ɗaya cur yaro na kwance ba ya kuka. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, da sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, duk saurin numfashi ne da ka iya zama limoniya. Yaro ɗan shekara 2 mai tari da aka ƙirga masa 46 ya haura 40, asibiti za a kai shi.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo kafofi uku da ƙwaƙwalwa ke samun labarin tsayuwar jiki ta cikinsu. Wacce ciwon suga ya fi lalatawa?
2. Me ya sa mai ciwon suga ya fi fuskantar faɗuwa da asuba fiye da tsakar rana?
3. Waɗanne ayyuka biyu tsokar shamaki ke yi? Wanne ƙwaƙwalwa ke fifitawa idan mutum na haki?
4. Bayyana gwajin da aka yi a 2001 da kalmominka.
5. Wani ya riƙe kaya mai kilo 15 a tazarar santimita 40 daga ƙashin bayansa. Bi hanyar Misali na Ɗaya ka lissafa ƙarfin da tsokar bayansa za ta ja da shi.
6. Yarinya mai kilo 40 ta ɗauki jarka mai lita 20. Kashi nawa ne cikin 100 na nauyinta? Lita nawa ce daidai da kashi 20?
7. Su wane ne bai kamata su riƙe numfashi yayin ɗaga kaya ba, kuma don me?
8. Jaririya 'yar wata 7 tana numfashi sau 54 a minti. Me ya kamata a yi?
9. Ku tattauna a aji: wani ya ce tunda yana noma kullum, ba ya bukatar motsa jiki na daidaito. Wace amsa za ku ba shi daga cikin wannan darasi?